Amsa ga mai neman naɗe kyautar biki ba tare da tara shara ba

'Yar'uwa, kin tambayi yadda za ki naɗe wa ƙawarki kyautar aure ta yi kyau ba tare da leda da takarda mai ƙyalli ba, kuma kina tsoron kada a ce kin yi rowa. Ni ma wannan tsoron ya riƙe ni shekaru.

Abin da ya sauya min tunani shi ne auren ƙanwata. Washegarin biki muka zauna buɗe kyaututtuka, kafin azahar mun cika buhu uku da takarda da leda da salatif. Wata takardar ko minti ɗaya ba ta yi a hannu ba aka yage ta. Muka kai sharar bayan gidanmu muka cinna mata wuta, sai ta riƙa narkewa tana ɗiga, hayaƙi baƙi ƙirin, warin ya kwana a maƙogwarona. A nan na gane ashe yawancinta roba ce aka shimfiɗa a kan takarda, shi ya sa masu sake sarrafa takarda ba sa karɓarta. Gwajin gane takarda mai roba mai sauƙi ne: ki dunƙule ta a tafin hannu ki saki. In ta tsaya a dunƙule, takarda ce. In ta warware da kanta, akwai roba a jikinta. Garin ƙyalƙyalin nan da ake barbaɗawa kuwa ƙananan ɓarɓashin roba ne, ruwa ke kwashe shi zuwa kogi, har Tarayyar Turai ta hana sayar da irinsa na roba da ake barbaɗawa a 2023.

Tun daga lokacin ƙyalle nake amfani da shi. Mutanen Japan sun daɗe suna haka, suna kiransa furoshiki, har a 2006 ministar muhallinsu ta lokacin, Yuriko Koike, ta yi ta kira a koma gare shi don rage leda. Ki sami yadi mai faɗi da tsawo daidai, tela ya kalmashe bakinsa. Santimita 50 ya ishi littafi ko kwalbar turare, 70 ya ishi matsakaicin kwali, 90 kuma na manyan kaya. Ki shimfiɗa shi, ki ɗora kwalin a tsakiya a karkace, yadda kowace kusurwar yadin za ta fuskanci gefe guda na kwalin. Kusurwar da ke gabanki ki rufa, ta can ma ki rufo a kai, sannan ki kama biyun da suka rage ki ƙulla sau biyu. Kunnuwan ƙullin su ne adon. Karon farko na ɗauko yadi mai kauri, ƙullin ya ƙi zama, ya yi tudu kamar dunƙulen hannu. Ki nemi auduga mara nauyi, ki goge ta kafin ki fara.

Abin da na fi so ma shi ne naɗin ya zama cikin kyautar. Kofuna a cikin tawul ɗin kicin, kwalaben turare a cikin rigar matashin kai, ƙananan kaya a cikin kwando mai murfi. Wata ƙawata har yau tana shimfiɗa ƙyallen da na naɗe mata faranti a kan teburinta, shekara biyar ke nan. In dole sai takarda, farar takarda ko ruwan ƙasa mara sheƙi da igiyar rama sun wadatar.

Sai abu ɗaya da ba ki tambaya ba, amma a ganina ya fi naɗin muhimmanci. A wancan bikin, agogon bango huɗu aka kawo wa ƙanwata, uku suna cikin kwalinsu har yanzu. Ki kira amarya ko wata ta jikinta ki tambayi abin da ba ta da shi. Ba abin kunya ba ne. In abin ya fi ƙarfinki, ku haɗu ku uku ko huɗu ku sayi guda ɗaya mai ƙwari wanda zai yi shekaru.

Maganar rowa kuma, ki ɗaura ɗan kati a jikin ƙullin ki rubuta cewa ƙyallen ma nata ne, don wasu sukan ɗauka aro ne su nemi mayarwa. Allah Ya sanya alheri, Ya ba su zaman lafiya.