Tabon da ba a gani

Wata baiwar Allah daga Tawa ta rubuto min. Innarta ta yi gashin kansar nono, wato maganin da ake yi da hasken na'ura, bayan shekara guda wurin ya taurara, hannu ba ya ɗaguwa sosai. Lokotoro ya ce mata tabo ne. Ita kuwa tana tambaya: Malam, ta yaya za a ce tabo alhali ba a ga miki ba?

Ƴar'uwa, Allah ya ba Inna lafiya. Tambayarki ta yi min daɗi, don a Hausa tabo bayan miki yake zuwa. Miki shi ne raunin da yake ɗanye, idan ya daɗe ya ƙi warkewa ya zama gyambo, idan ya rufe sai ya bar tabo. Akwai kuma kanta, irin ta hannun manomi, wadda guga ke haifarwa. Wasu za su ce kanta ta fi dacewa da halin Inna, tunda tauri ne. Ni ban yarda ba. Kanta a saman fata take. Abin Inna kuwa a cikin nama yake: hasken gashin, garin kashe cutar kansa, yakan raunata lafiyayyun ƙwayoyin da ke kewaye, sai ƙwayoyin da aikinsu ɗinkin rauni ne, waɗanda ake kira fibroblas, su yi ta zuba wani zare mai suna kolajin har ya wuce kima. Mikin ya faru, ido ne bai gan shi ba. Saboda haka lokotoro ya yi daidai, ni dai zan ƙara kalma ɗaya in ce tabon ciki.

Sai a 2021 aka soma wannan gashi a nan Yamai, shi ya sa bakinmu bai riga ya saba da kalmominsa ba.

Kin kuma tambaya ko ana iya gane wanda zai yi wannan tabon tun da wuri. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Masu bincike Larabar suke nema: sukan yanki ɗan fata, su rene ƙwayoyinsa, su haska su, su duba waɗanne ƙwayoyin gado, wato masu ɗauke da abin da mutum ya gada daga iyaye, suka farka, waɗanne suka yi shiru. Mutum biyu kan sha gashi iri ɗaya, ɗaya ya taurara, ɗaya ya tsira. Har yanzu aikin yana ɗakin bincike. Ki mai da Inna wurin lokotoronta, ki tambaye shi motsa hannun da ya dace da ita.