Zauren Malamai: Darasin Ɗebewa a Aji Uku

Tambaya: Ni ɗalibar NCE ce (karatun neman shaidar malanta), ina koyarwar gwaji a aji uku na firamare. Darasin ɗebewa mai aro ya gagare ni, minti 35 kan ƙare yara ba su gane ba. Yaya zan gyara?

Amsa: Malama, rage buri tukuna. Manufa ɗaya ta isa: yaro ya iya ɗebe 27 daga 52.

Tanadi tsinken tsintsiya tun daga gida, ki ɗaure goma-goma da kyauro. Minti biyar na farko, tuna musu gidan ɗaya da gidan goma. Sai ki ba kowane rukuni ɗauri biyar da tsinke biyu, ki ce su cire bakwai. Za su cije. Kada ki yi saurin ceto su, bari wani ya kwance ɗauri ɗaya da kansa, tsinke ya zama 12. Aron ke nan. Sai su cire bakwai daga 12, su cire ɗauri biyu daga huɗun da suka rage, saura 25. Wannan ya ci minti 15, sannan ki hau allo.

Ki sa ido kan mai rubuta 35 maimakon 25: ƙaramar lamba yake cirewa daga babba, ko a sama take ko a ƙasa. Mayar da shi kan tsinke. Aikin aji kuwa, lissafi huɗu sun wadatar.