Injin kwalekwale ya ƙi tashi bayan ajiya, in ci bashi in sayi sabo?

Wani ɗan uwa mai jigilar mutane da kaya daga nan Yamai zuwa Bubon ranar Laraba, ranar kasuwarsu, shi ya aiko da wannan tambaya. Ya ce da ruwan kogi ya janye a bazara sai ya cire injinshi, Yamaha Enduro 40, ya ajiye a ɗaki wajen wata uku, yanzu ruwa ya dawo ya ja igiya har kafaɗa ta gaji inji ya ƙi tashi, wani makanisiye kuma ya ce mishi ai inji ya mutu, gara ya sayar ya ci bashi ya sayi sabo.

Malam, Allah ya ba da sa'a, amma don Allah kar ka ci bashin nan tukuna. Injin da ka kashe da hannunka lafiya lau ba ya mutuwa don ya kwanta wata uku, galibi man da aka bari a ciki ne ya lalace. Esansi in ya daɗe, balle da zafin Afrilu da Mayu na garin nan, mai ƙarfin cikinshi ya kan tashi ya bar wani danƙo da ke toshe ƴan ƙananan ramukan karbirato, to ko ka kwana kana jan igiya mai ba zai wuce ba. Zubar da tsohon man gaba ɗaya, a wanke tanki, a kwance karbirato a wanke shi da kyau a hura, ka zuba sabon esansi ka haɗa da man inji yadda ya kamata. Irin wannan injin yawanci 50 da 1 ne, wato lita 25 na esansi rabin lita na man inji, kuma man injin jirgi na gaske, ba ragowar na mota ba.

Kafin ma a kai ga nan duba ƙananan abubuwa. Maƙallin nan mai jar igiya da ke kashe inji yana wurinshi? Giya tana tsaye, wato ba gaba ba baya? Ka kwance ɗan murfin iska na kan tanki? Robar da ake matsawa ta tura mai tana yin tauri ko ta tsage? Sai buji, cire ka gani, in ya yi baƙi ko tsatsa sauya shi, kuɗinshi bai kai komi ba.

Inda nake jin tsoro wajen ruwan sanyaya inji ne. Akwai ƴar farfelar roba a ƙafar inji mai jawo ruwa sama, in ta daɗe ba aiki ta kan bushe ta ƙage, ga yashin kogin nan da ya riga ya cinye ta lokacin da ruwa ke ƙasa. Kar ka kuskura ka tada inji a tudu ba ruwa, ko na ɗan lokaci kaɗan ne robar ƙonewa za ta yi. Sa ƙafar cikin tano cike da ruwa ko cikin kogi, da ya tashi ka kalli ɗan ruwan da ke tsartuwa ta baya, in babu kashe nan take. Wani lokaci zanzaro ne kawai ya yi gini a ramin, ƴar waya ta isa ta buɗe shi, in kuwa bai buɗe ba a sauya robar. Mutane da yawa a nan suke kashe inji mai lafiya, ya tashi suna murna su ɗebi fasinja, tsakiyar ruwa ya ɗau zafi ya kame. Ka kuma sa a duba man giya na ƙafar, in ya fito fari kamar nono ruwa ya shiga, sau da yawa zaren masunta ne ya naɗe bayan farfela ya yanka robar da ke tare ruwa.

Yanzu zancen kuɗi. Duk abin da na lissafa ɗan kaɗan ne in ka gwada da kuɗin sabon inji, shi kuwa bashi ba ruwanshi da ko ruwa ya janye, wata uku da kake zaune ba aiki dole ka biya. Je wajen makanisiye na biyu, ka biya shi kuɗin dubawa kawai, ka ce ya auna ƙarfin matsin silinda biyun a gabanka. In sun yi kusa da juna kuma igiya na jawuwa ba kamewa, injinka na da rai, a gyara. Kuma ka lura, in wanda ya ce inji ya mutu shi ne ke neman saye ko ya kawo mai saye, to ka san inda ya dosa. Kayan gyara ka tafi da tsohon a hannu, ko kasuwar Katako ko wajen dila, a gwada, don jabu ya yi yawa.

In ka koma aiki, kullum ka ware wani abu cikin kuɗin fasinja a matsayin kuɗin inji, kar ya haɗu da na cefane. Baɗi kuma ranar da za ka ajiye shi, cire tiyon mai ka bar shi yana aiki cikin ruwa har ya mutu da kanshi, ka ɗiga ɗan man inji ta ramin buji, ka ajiye shi a tsaye a inuwa ka rufe saboda ƙura.