Amsa ga mai son goge wayar lantarki a hoton ɗaurin aure

Ɗan'uwa, ka ce ka goge wayar lantarkin da ta ratsa bayan ango da Clone Stamp, wato burushin kwafe na manhajar gyaran hoto, amma wurin ya yi dabbare-dabbare, duk wanda ya kalla sai ya gane an taɓa. Ina kyautata zaton wuri ɗaya ka ɗebo ka yi ta shafawa har ka gama.

Shi wannan kayan aiki kwafa kawai yake yi. A Photoshop ka danna S, ka danne Alt ka latsa inda kake so ya ɗebo, duk inda ka shafa abin can zai zuba. A GIMP kuwa, wata manhajar gyaran hoto, C ne, Ctrl ake dannewa. To sararin sama ba launi ɗaya ba ne, ballantana da hunturu a Kaduna, ƙasa-ƙasa fari fat da ƙura, can sama kuma shuɗi-shuɗi. Ka ɗebo daga sama ka zuba ƙasa, dole ya nuna. Ɗebo dab da wayar, ka shafa kaɗan, ka sake ɗebowa. Ni a shagona da ke Kawo hannuna na hagu ba ya barin Alt. Ka kuma sassauta bakin burushin, Hardness ya sauko ƙasa sosai, kada ya bar maka zobe.

Inda aikin ke da wuya shi ne wurin da wayar ta haɗu da hular ango. Aikin zanna ba ya ɓoye kwafe, fure ɗaya ya fito sau uku a jere ido ya kama. Nan sai ka zuƙo hoton sosai, ka rage burushi da maɓallin [, ka ƙara masa tauri, ka bi layin zaren. Wannan wurin kaɗai yakan ci mini lokaci fiye da sauran hoton.

Kada ka yi a kan asalin hoton. A Photoshop buɗe sabuwar leya, wato shimfiɗa a saman hoton, a Sample ka zaɓi Current & Below, in ya ɓaci ka share ba asara.

Fuskar amarya kam ban cika kai mata Clone Stamp ba, yana mayar da fata kamar roba. Healing Brush ya fi, don shi yana daidaita haske da launi da kansa. Content-Aware Fill, mai cike gurbi da kansa, da ya zo da Photoshop CS5 a 2010, yana taimakawa a fili, amma kusa da hula shirme yake yi.

Turo hoton a nan in nuna maka inda za ka fara ɗebowa.