Tambayoyinku Kan Mota: Na sayi mota mai gudu ga hunturu ya kawo kai, me zan fara canzawa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni daga wani ƙauye nake kusa da Ringim, Allah ya hore min na sayi BMW 335i ƴar Beljiyam, dillalin yace daga Kanada aka ɗauko ta. Abokaina sun dame ni wai in sa mata salansa mai ƙara da manyan rim, wani ma yace a taɓa kwamfutarta ta ƙara gudu, ni kuma gashi sanyi ya fara kuma duk sati sai na shiga Kano da asuba. Dan Allah da me zan fara?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya sanya alheri ya tsare hanya. Toh maganar gaskiya abokan nan naka su ɗan saurara tukunna, motar da take da turbo (na'urar da take cusa wa injin iska ya ƙara ƙarfi) da ƙarfin doki wajen 300 ba gudu ta rasa ba, kuma tayoyin baya ne suke tura ta, kana taka ta a kan yashi zata juya maka ɗuwawu.

Kafin ka kashe ko sisi durƙusa ka duba tayoyin da tazo dasu. In kaga hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a ciki toh tayar sanyi ce ta can ƙasarsu, a yankin Kubek na Kanada ma doka ce daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris sai da ita. Robarta laushi gareta saboda anyi ta ne don sanyin da yayi ƙasa da digiri 7, mu kuwa namu hunturun da asuba ne kawai ake rawar ɗari, azahar nayi rana ta gasa kwalta, sai kaga tayar tana cinyewa kamar sabulu kuma birki baya kamawa yadda ya kamata. Cire su. In zaka sayi wasu duba lambobi huɗun ƙarshe bayan rubutun DOT, misali 2322 yana nufin sati na 23 a shekarar 2022, wadda ta haura shekara shida ka barwa mai ita ko da zanenta yana sheƙi. Kuma ka dinga tsayawa wajen mai faci da safe ya auna maka iska, sanyi yana rage ta.

Manyan rim kam ban baka shawara ba, taya siririya da ramukan hanyoyinmu basa ga maciji, rami ɗaya ya isa ya lanƙwasa maka rim.

Sai ƙura, wadda itace ainihin hunturunmu. Akwai wata iyakilina buɗaɗɗiya mai kamar mazurari da samari suke sawa don injin ya dinga gurnani, wallahi kar ka soma, a ƙurar Jigawa tamkar ka dinga ɗurawa turbo yashi ne da hannunka. Bar ta asali a cikin akwatinta, ka sayi guda biyu masu kyau ka ajiye, duk sati biyu ka buɗe ka gani. Ka haɗa da filtar AC ma saboda hancin iyali.

Kayi juye da baƙin mai 5W-30 irin wanda kamfanin ya amince dashi, wannan W ɗin alamar yadda man yake gudana ne a cikin sanyi, kar wani ya zuba maka mai kauri na tsofaffin motocin haya. In ka tada ta da asuba basai ka barta tana aiki rabin awa a ƙofar gida ba, minti ɗaya ya isa, ka tafi a hankali kar ka taka ta sai injin yayi ɗumi. Duk bakaniken da yace bari ya cire maka tamostat (abin da yake daidaita zafin injin) wai ai nan ƙasar zafi ce, ɗauki makullinka ka gaishe shi. Lagireto kuma ruwansa na musamman zaka zuba ba na rijiya ba. Man birki DOT 4, a canza duk shekara biyu tunda yana shan danshi.

Hazo kuwa kai da kake fita da duhu ka san amalanken shanu da ƴan acaba marasa fitila, in hazo ya sauka kar ka kunna babbar fitila, hasken dawo maka ido yake yi, ƙarama da fitilar hazo sun wadatar, in gilashin fitilun ya dushe a goge maka shi.

Abu ɗaya da kusan kowa yake mantawa: a Kanada gishiri suke watsawa a titi lokacin ƙanƙara, shi kuwa yana cin ƙarfe, don haka ka kaita a hau da ita kan rami a leƙa ƙarƙashinta musamman bututun birki. Maganar taɓa kwamfuta kuma, da irin fetur ɗin da ake sha wajen ƴan bumburutu, ka sake rubuto min bayan sallah mu tattauna.