Kada ki sake wa kwanukan nan fenti

Kin tambaya ko ki shafa wa tsofaffin kwanukan Faransa da kika samo fenti, tunda bakinsu ya ɗan ɓaɓɓare, kafin ki jera su a falo. A'a, 'yar'uwa, ki bar su yadda suke. Abin da ke jikinsu gilashi ne da aka narkar a kan ƙarfe da wuta mai zafin wajen digiri 800, irin na langa da fanteka da iyayenmu ke jerawa a ɗakin amarya. Fentin gwangwani kashe masa ƙyalli zai yi. Masu tara irin waɗannan kaya ma, musamman na Japy, wani tsohon kamfanin Faransa da ya riƙa ƙera su, baƙin tabon da ke inda ya ɓare suke dubawa su gane tsohon hannu ne. Ga kuma rubutun jiki, Sucre, Farine, Café, wato sukari, fulawa da kofi. In kika rufe shi me ya saura?

Sharaɗi ɗaya dai: na jere ne kawai, ban da girki ko zuba abinci. Tsofaffin launuka, balle ja da rawaya, sukan ƙunshi dalma ko kadmiyam, ƙarafa masu guba, kuma inda ya ɓare tsatsa ke shiga. Ni da kaina na taɓa dirje wata butar kofi mai shuɗin baki da soson ƙarfe, har yau karcen na nan, ina ganinsa kullum a kan kanta. Yanzu ruwan ɗumi da sabulu kawai nake sawa, in goge da tsumma ya bushe sarai, sannan in ɗiga man gyaɗa a inda ƙarfen ya fito.