Ba kowace roba ce gam ke kamawa ba

Ka ce sau uku kana liƙa ƙafar motar wasan nan da supa gulu tana ɓallewa, wai ko ka ƙara gam? Kada ka ƙara. Yaro, wata nawa kake zaune a rumfar nan, ba ka taɓa kifa abu ka duba gindinsa ba?

Kifa ta. Za ka ga 'yar alama mai kusurwa uku da lamba a ciki. In 5 ce, ko 2, ko 4, ajiye gam, wannan robar wuta take so, wato a narka ta da ƙarfe mai zafi a haɗe. Jikinta santsi gare shi kamar kakin zuma, gam zai bushe a kai, ka sa farce ka ɓamɓare shi kamar ɓawon albasa. In babu lamba, yanko ɗan ɓarɓashi ka jefa a kofin ruwa. Ya taso sama, aikin wuta ne. Ya nutse, to irin mai tauri ce, kamar wadda ake kira ABS ko mai lamba 6, su ne gam ke riƙewa.

Kuma tun da ka riga ka zuba gam, sai ka kankare shi kaf da wuƙa da samfefa kafin ƙarfe ya taɓa wurin. A kan haka rumfar nan ta taɓa yin asarar da har yau ke ci mini rai. Wani mutum ya kawo motar yara mai batir ana saura kwana biyu Sallah, wurin da ƙarfen taya ke shiga ya tsage. Ya rantse babu wanda ya taɓa ta. Ashe ya ɗura supa gulu da yashi cikin tsagar, ya goge sama tas. Aka narka roba a kai, ta rufe kyau a ido, amma a ciki gam da yashi sun shiga tsakani, ɓangarorin biyu ba su haɗu ba. Yaro na hawa ta buɗe. Ya dawo da mutane biyu yana ɗaga murya a tsakiyar kasuwar Gusau, wai lafiyayyar mota ya kawo aka karya masa. Da aka tsaga wurin ga yashi nan ƙuru-ƙuru, ya ce bai san zancen ba. Aka biya shi don a rabu lafiya, alhali shi ya cuce mu.

Saboda haka buɗe tsaga da bakin wuƙa a gaban mai kaya kafin ka karɓi aiki.

In ta yi tsab, huda ɗan rami a ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba. Fere bakinta ya yi kwari. Ciko kuwa, wato robar da za ka narka a kwarin, daga roba mai lamba iri ɗaya za ka yanko, 5 da 5, domin 5 da 2 ba sa haɗuwa da kyau. Mai lamba 5 tana narkewa wajen digiri 160, in ka ga hayaƙi ko ta fara baƙi, ka ƙona ta, za ta yi gautsi. Nutsa guntayen siririyar waya uku ko huɗu a gicciye ta ciki, ka rufe su da ciko.

Mai tauri kuwa ɗigo ɗaya na supa gulu ya isa, ka matse minti guda. Da hunturu yana jinkirin kamawa, domin da laimar iska yake daskarewa, sai ka ɗan hura masa numfashi. Inda guntu ya ɓace, gam mai bututu biyu za ka kwaɓa daidai wa daida, ka bar shi awa 24. Ku yaran yanzu minti biyar kun fara jijjiga abu kuna gwadawa, ido na kan waya.

In abin wasan na jinjiri ne mai kai komai baki, kada ka liƙa ko an roƙe ka. Guntu zai iya ɓallewa ya shaƙe shi, faɗa wa uwar ta jefar.